Yadda ake zaɓen maganin wankin mota: tsami, kanwa da abin da ke tsakaninsu

Wata Lahadi da na taso daga kasuwar Tahoua na biya ta wurin wankin motar ɗan ƙanwata, na tarar da shi tsugune gaban wata mota ya yi tagumi. Jantunan gefen dama guda biyu, wato ƙarafan da taya ke zaune a kansu, sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu garin rogo, na hagu kuwa suna nan da ƙyallinsu. Na tambaye shi me ya zuba. Ya miƙo mini wata robar ruwan sha da wani ruwa shuɗi-shuɗi a ciki, ba takarda, ba suna.

"Kawu, wallahi ko minti uku bai yi a kai ba. Mai sayarwa cewa ya yi yana cin datti nan take."

Na ce ai bai yi maka ƙarya ba, ya ci dattin ya haɗa da jantin. Kuɗin wankin sati guda ne ya tafi wajen ba mai motar haƙuri.

Na koyar da ilimin sinadarai a koleji kafin in ajiye alli, don haka da yamma na zaunar da yaron ƙarƙashin bedi muka bi abin daki-daki. Abin da na gaya masa shi zan shimfiɗa nan. Dattin da ke jikin mota shi ke nuna maka ɓangaren da za ka ɗauko magani, na tsami ko na kanwa. Abin da dattin ya kwanta a kai, fenti ne ko alminiyam ko fata, shi ke yanka maka iyakar ƙarfin maganin.

Kafin a ɗauki bokiti

Duk mai girki ta san tushen wannan ilimi. Miyar sure ta yi tsami da yawa, sai a jefa ƴar kanwa, ta taso da kumfa, tsamin ya kwanta. Tsami da kanwa kishiyoyi ne, kowane yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Masana sinadarai suna ce wa na farko asid, na biyu alkali. Ni a nan zan riƙa cewa ɓangaren tsami da ɓangaren kanwa.

Ma'aunin da ake auna su da shi ana rubuta shi pH. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Sørensen, shi ya fito da shi a 1909. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya, nan ruwa tsantsa yake. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kanwa ce, kuma duk yadda ka yi nisa da 7, ta kowane gefe, haka ƙarfi ke ƙaruwa. Ruwan batir yana ƙasa da 1. Lemun tsami wajen 2, binegar na salak wajen 3. A ɗaya gefen, bikarbonat ya ɗan haura 8, sabulun wanka na dunƙule 9 zuwa 10, garin sabulun wanki, wanda duk muke kira omo ko wane kamfani ya yi shi, 10 zuwa 11. Ruwan jabel 11 zuwa 13, ɗanyen siminti 12 zuwa 13, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita 13 zuwa 14.

Ga inda ɗalibaina suka fi faɗuwa a jarrabawa. Tsakanin lamba da lamba ba taki ɗaya ba ne, ninki goma ne. Abin da ke 9 ya ninka na 8 sau goma, na 11 ya ninka na 8 sau dubu. Wannan ne ya sa tsarma ruwa ba ya yin abin da mutane ke zato. In ka zuba awo ɗaya na magani mai ƙarfi cikin awo tara na ruwa, lamba ɗaya kacal ka matsa zuwa tsakiya, wani maganin ma bai kai haka ba. Soda mai 14 da aka tsarma haka tana nan wajen 13, tana iya cin hannu da alminiyam sarai.

Mataki na 1: Kore ƙura, sannan ka dubi abin da ya saura

Ƙurar hunturu da yashin da iska ke kwasowa ba ruwansu da tsami ko kanwa. Ruwa kawai suke so, mai yawa, daga rufin mota zuwa ƙasa, kafin soso ya taɓa fenti. Yaran da ke goge busasshiyar ƙura da tsumma kowace safiya don maigida ya ga mota na sheƙi, sandar fefa suke yi mata sannu a hankali. Ka duba baƙar mota da rana, waɗannan zane-zanen da suke kewaye kamar saƙar gizo daga nan suke.

Da ƙura ta tafi, sai ka zagaya motar ka ba kowane tabo sunansa.

Akwai datti mai maiƙo: baƙin mai da ya tsiyaye a inji, giris, hayaƙin gazuwal da ya lafe a bayan mota, zufar hannu a sitiyari, man abinci a kujera, ƙwarin da suka mutu a gaban mota in ka yi tafiyar dare daga Ƙonni da damina. Wannan maganin ɓangaren kanwa yake so. Kanwa tana warware maiƙo da abin da ya fito daga jikin mai rai, shi ya sa kakanninmu suka yi sabulu da ruwan toka da mai.

Akwai datti na dutse da ƙarfe: farin tabon da ruwa ke bari in ya bushe, fantsamar siminti, tsatsa, jan da hanyar marmara ke rinawa a farar mota. Wannan maganin ɓangaren tsami yake so. Omo ko buhu guda ka zuba ba zai taɓa shi ba, domin shi da omo gidansu ɗaya. Ƙasarmu ta Adar tana da dutsen farar ƙasa, shi ne ma ake haƙa a Malbaza ana yin siminti, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan ɗauko shi a narke. In kana son sanin halin ruwan da kake wanki da shi, leƙa cikin butar shayinka. In ta yi farin ɓawo a gindi, abin da zai kwanta a gilashinka ke nan duk lokacin da ka bar ruwa ya bushe da kansa.

Na uku shi ne wanda ba ya jin kowane ɓangare: kwalta, ƙaron itace, dankon takardar da aka liƙa aka ɓare. Shi sai abin da ke narkar da shi. Ɗan kananzir a tsumma mai laushi, a dangwala, a jira ya yi taushi, a share, a bi da sabulu nan take. Kada a sa isansi ko tina ta masu fenti.

Kashin tsuntsu da na jemage kuma tsami ne da kansu, kuma a ranar Tahoua ba sa jira. In sun bushe a kan fenti mai zafi suna barin sawu ko bayan an wanke. Jiƙa tsumma ka ɗora a kai minti biyar, ka ɗauke shi a hankali ba tare da gurzawa ba, ranar da ka gan shi.

Mataki na 2: Dubi abin da dattin ya kwanta a kai

Fentin mota hawa-hawa ne, kuma na sama ɓawo ne garai-garai mai ba da ƙyalli, wanda Faransawa ke kira vernis. Kaurinsa bai kai na takardar littafi ba. A kansa ne ake shafa man kaki don ruwa ya riƙa zamewa. Abin da ya dace da wankin kullum shi ne sabulun mota mai 6 zuwa 8. Zan faɗi gaskiya a kan omo, tunda kusan kowane wurin wanki a garin nan da shi ake aiki: wanki ɗaya ba ya kashe fenti. Abin da yake yi shi ne ya riƙa kwashe man kaki, ya bar fenti tsirara a gaban rana, ya kuma busar da baƙar robar da ke kewaye da gilashi da bamba har ta koma toka-toka. Wata shida ana haka, sai ka ji mai mota yana cewa fentin motocin yanzu ba shi da ƙarko.

Alminiyam shi ne mai wuyar sha'ani, domin ta gefe biyu ake cinsa. Ƙarfe na yau da kullum tsami ke cinsa, kanwa ba ta dame shi ba. Alminiyam kuwa tsami mai ƙarfi na cinsa, soda ma na cinsa, har ka ga yana ƴan tafarfasa. Duk matar da ta taɓa kwaɓa soda a tukunyar alminiyam ta ga yadda tukunyar ta yi baƙi. Jantin da ke da fenti ko ɓawon ƙyalli a kai yana da ɗan kariya, amma wanda ya karce a bakin kwalta, ko wanda aka goge shi tsirara yana sheƙi, magani na shiga kai tsaye. Abin da ya sami ɗan ƙanwata ke nan. Irin wannan farin ba datti ba ne da za a wanke, fuskar ƙarfen ce ta ƙone, sai dai mai fenti ya goge ya sake.

Gilashi yana jure tsami mai sauƙi irin binegar. Amma fitilun gaba na motocin yanzu ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri, kuma kanwa mai ƙarfi da isansi suna dusashe ta, su sa ta tsattsage. Baƙar ledar da ake liƙa wa gilashi daga ciki ita ma roba ce, ba ta son maganin gilashi mai amoniya, wanda warinsa ke hawa kai kamar na tsohon fitsari.

Fata kuwa, je ka tambayi majema. Da toka ko farar ƙasa suke tuge gashi daga fata, wato da ɓangaren kanwa, sannan su jeme ta da bagaruwa. Jemammiyar fata tana zaune ne a ɓangaren tsami, wajen 4 zuwa 5. Wanda ya wanke kujerar fata da omo ya mayar da ita rabin hanya zuwa ramin jima. Za ta yi tas ranar, bayan ƴan watanni ta bushe ta fara darewa.

Mataki na 3: Karanta kwalba, in babu rubutu ka gwada

A kan kwalba nemi lambar pH ko kalmomin da ke nuna ta. In an rubuta pH neutre, na tsakiya ne. Acide ko détartrant na ɓangaren tsami ne, alcalin na kanwa ne, kuma yawancin abin da aka rubuta wa dégraissant can yake. In ka ga hoton ruwa na ɗiga a hannu da ƙarfe yana cinye su, cikin murabba'i mai jan baki, to abin ya yi nisa da tsakiya ƙwarai. In ka ga acide fluorhydrique, ko bifluorure, ko haruffan HF, shawarata ka mayar wa mai kanti kayansa. Ana sa shi a wasu magungunan janti saboda yana sa alminiyam haske nan take, amma yana cin gilashi, yana ratsa fata ya shiga ciki ya janye sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kuma wanda aka tsarma yakan yi sa'o'i kafin ka ji zafinsa. Yaron da ke wanki da silifa da hannu tsirara ba shi da abin yi da wannan.

Matsalarmu ita ce rabin abin da ke yawo a kasuwa an ɗure shi ne a robar ruwa ko bido. Har sabulun ruwa da ake haɗawa a gida, wanda ba na kushe shi don sana'ar mata ce mai albarka, ƙarfinsa ya danganta da hannun mai haɗawa. Wani haɗin ana kashe asid da soda ne, in soda ta ɗan zarce sai na wannan satin ya fi na wancan kaifi.

Mafi inganci shi ne takardar gwajin pH, ƴan siraran takardu masu sauya launi da ake kwatantawa da jadawalin da ke jikin kwalinsu. Masu sayar da kayan ɗakin gwaji ke da ita, ka sa a sayo maka daga Yamai in ba ka samu nan ba. Ka haɗa maganin yadda za ka yi aiki da shi, ka tsoma takarda, ka duba.

In babu, madafa za ta fisshe ka. Tafasa ƴar yakuwar zoɓo ja cikin ruwa, ba sukari, ka tace ta huce. Zuba maganin da ka tsarma a kofin gilashi, ka ɗiga ruwan zoɓon kaɗan a kai. Ka lura, zoɓon ake ɗigawa cikin magani, ba magani cikin zoɓo ba, domin zoɓo da kansa mai tsami ne, in ya yi yawa zai rinjayi gwajin. In ya tsaya ja wur, tsami ne. In ya dusashe ya yi ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi, kusa da tsakiya kake. In ya koma kore, kanwa ce. In ya yi rawaya ko launin ya ɓace gaba ɗaya, ko soda ce mai ƙarfi ko jabel. Kurkum ma yana aiki: yana zama rawaya a tsami da tsakiya, ya rikiɗe ja a kanwa. Don tabbatar da tsami, ɗiga maganin a kan bikarbonat ko ɓawon ƙwai, in ya yi kumfa asid ne. Waɗannan gwaje-gwaje ɓangare suke nuna maka, ba za su raba maka 10 da 11 ba, kuma maganin da aka rina da launi mai duhu yana rikita su.

Kada ka ɗanɗana, kada ka murza tsakanin yatsu. Santsin da kake ji in ka taɓa ruwan soda, maiƙon fatarka ne ke komawa sabulu.

Wani abu kuma: lamba ba ita ce duka labarin ba. Sabulun ruwa na wanke kwanoni yana kusa da tsakiya, amma an yi shi ne don kwashe maiƙo, saboda haka shi ma yana rage man kaki. Akwai kuma maganin ƙurar birki da ke kusa da 7, wanda ke komawa jan garura in ya haɗu da ƙarfe. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, amma ya fi asid aminci a kan janti nesa ba kusa ba.

Ko me gwaji ya nuna, sabon magani a ɓoyayyen wuri ake fara shi: cikin bakin ƙofa, bayan janti, ƙarƙashin kujera. Jira minti biyu, ɗauraye, bari ya bushe, sannan ka duba.

Mataki na 4: Zaɓi lokaci, ka auna haɗi

Umurnin da ke kan kwalaben nan an rubuta shi ne a ƙasashen da rana ba ta dukan mota kamar tamu. A watan Afrilu da Mayu zafin Tahoua yana haura 40, jikin baƙar mota a rana kuwa yakan kai 70. Zafi yana gaggauta aikin kowane sinadari, sannan ruwan haɗin yana tashi ya bar maganin yana ƙara kauri a kan fenti. Abin da ka tsarma da kyau a bokiti, cikin minti ɗaya ya koma kamar ba ka tsarma ba. Don haka wanki da sassafe ne ko bayan la'asar, a inuwa. Ɗora bayan hannunka a murfin inji da janti, in ba za ka iya barinsa a kai ba, ba lokacin magani ba ne. Motar da ta shigo yanzu daga Agadas birkinta da jantinta wuta ne, a ba direba shayi ya jira.

In an rubuta 1:10, awo ɗaya na magani, awo goma na ruwa. Ware kofin shayi guda ya zama ma'auni, kada ya sake komawa wurin shayi. Ruwa ake fara zubawa, magani ya biyo baya, musamman asid da soda, don in aka juya suna zafi su fantsamo. Fara da haɗi mafi rauni da aka rubuta. In bai fitar ba, maimaita, sau biyu da mai rauni ya fi sau ɗaya da mai ƙarfi. Kuma bokitin roba, ba na alminiyam ba.

Mataki na 5: Wankin waje, bi da bi

Fara da taya da janti, tunda su suka fi datti kuma suna fantsama. Robar taya tana jure ɓangaren kanwa, nan omo yana da wurin zama, da buroshi mai tauri. Janti kuma sabulun mota da buroshi mai laushi tukuna. Sau da yawa wannan ya isa. In baƙar ƙurar birki ta kafe, sai maganin ƙurar birkin nan da ke kusa da 7. Asid shi ne na ƙarshe, a kan janti mai lafiyayyen fenti kawai, ɗaya bayan ɗaya, kana gamawa kana ɗaurayewa kafin ka matsa gaba.

Sai ƙasan ƙofofi, gaban mota da bayanta, inda maiƙon hanya da ƙwari suke. Fesa maganin maiƙo mai sauƙi, wajen 9 zuwa 10, ka ba shi minti biyu ba tare da ya bushe ba, ka kore.

Daga nan sabulun tsakiya ga dukan jiki, daga sama zuwa ƙasa, da bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso kafin ya koma cikin kumfa. Na san ruwa kuɗi ne a garin nan, wani wurin ma a kura ake kawo shi, amma bokiti na biyun shi ke riƙe yashin da zai karce fenti. Wanke gefe ɗaya, ɗauraye, sannan ka zagaya.

Yanzu ne lokacin tsami, bayan maiƙo ya tafi, domin asid ba ya ratsa maiƙo ya kai ga tabon da ke ƙarƙashi. Farin tabon ruwa: binegar fari rabi, ruwa rabi, a jiƙa tsumma a shafa, a jira minti ɗaya, a ɗauraye. A gilashi kana iya maimaitawa ba fargaba. A fenti yi a hankali, kuma ka san man kaki ya tafi a wurin. In ka yi sau uku tabon na nan, to ya riga ya ci cikin ɓawon, sai gogewar mai fenti. Fantsamar siminti, wadda duk mai ajiye mota kusa da gini ya sani, haƙuri take so. Ɗora tsumma jiƙe da wannan haɗin, ka riƙa sake jiƙa shi, simintin zai yi ta laushi yana saki. Kada ka sa farce ko reza, yashin da ke cikinsa zai ja layi. Kada kuma ka ce bari in gajarta da ruwan batir, na ga wanda ya yi haka, garin neman gira ya rasa ido.

Ɗauraye da ruwa mai yawa, ka bi lungunan da magani ke maƙalewa: gindin madubi, bakin gilashi, ramin notin taya. Ka tsane motar da tsumma mai laushi tun ruwa bai bushe da kansa ba, in ba haka ba ka dawo da tabon da ka cire. Duk inda magani mai ƙarfi ya taɓa, mayar da man kaki.

Inji ba kowane wanki ba. In za a yi, ya huce sarai, a rufe dinamo da wuraren wayoyi da leda. Magungunan maiƙon inji sukan kai 12 ko fiye, injunan yanzu kuwa cike suke da alminiyam, don haka tsarma, ka yi da sauri, ka ɗauraye ba da matsin ruwa mai ƙarfi ba. Farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a kan batir aikin asid ne. Cire waya mai alamar ragi tukuna, kwaɓa babban cokali na bikarbonat a kofin ruwa, shafa da tsohon buroshin haƙori har kumfa ta daina, ka goge. Ka kula kada ya shiga ramukan batirin, zai kashe ruwan da ke ciki.

Mataki na 6: Cikin mota

Kujerar yadi: kakkaɓe ƙura tukuna, sannan sabulu mai sauƙi, 8 zuwa 10, kumfa kaɗan. Abin da aka fi kuskurewa shi ne ɗauraya. Omon da ya bushe a cikin yadi yana sa shi ƙandarewa, ya riƙa kama ƙura fiye da da, ya kuma yi wa mai zama ƙaiƙayi in ya yi zufa. Bi da tsumma jiƙe da ruwa zalla har sau uku.

In fura da nono suka zube, ko yaro ya yi amai, tsami ne, barbaɗa bikarbonat bayan ka share, ya kwana, ka kakkaɓe. In ragon layya ne ya yi fitsari a but, warin na ɓangaren kanwa ne, binegar da ruwa ke kwantar da shi. Jinin nama da ruwan sanyi ake fara shi, ruwan zafi dafa shi yake ya kama.

Fata: tsumma mai ɗan danshi, in da hali maganin fata na musamman, ka tsane nan take. Robar gaban direba sabulun tsakiya ya ishe ta. Gilashi mai baƙar leda, ruwa da ɗigon sabulu.

Mataki na 7: Abin da ba a haɗawa, da abin yi in ya fantsamo

Yara masu wanki suna da wata al'ada ta zuba wannan cikin wancan wai don ya ƙara ƙarfi. Asid da omo in sun haɗu kashe juna suke, ka yi asarar biyun. Jabel da kowane asid, har binegar, suna fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, kuma cikin mota a rufe ba wurin gudu. Jabel da maganin gilashi mai amoniya su ma guba suke fitarwa. Ni dai ban ga aikin jabel a mota ba sam, yana cin launin yadi, yana sa ƙarfe tsatsa.

Duk abin da ya gaza 4 ko ya haura 10, sa safar hannu ta roba da tabarau, ka tsaya iska na bayanka in kana fesawa. In ya taɓa fata, ruwa mai gudu, da yawa. In ido ne, a buɗe shi ana zuba ruwa aƙalla minti 15, sannan asibiti, a tafi da kwalbar. Kada a ce za a kashe asid da kanwa ko soda da lemun tsami a jikin mutum, wannan dabarar ta tukunya ce. Soda a ido ta fi asid haɗari domin tana ci gaba da nutsawa. Wanda maganin janti mai HF ya taɓa ya wanke ya tafi asibiti ko bai ji zafi ba, ya gaya wa likita sunan abin. Wanda ya sha, kada a sa shi amai.

Robar ruwan sha kuma a daina ajiye magani a cikinta, yara ƙanana suna shigowa wurin wanki da ƙishirwa. Kowace kwalba a rubuta mata suna da lambarta, na tsami a kusurwa ɗaya, na kanwa a wata, a inuwa, sama da inda hannun yaro ke kaiwa. Ɗan ƙanwata da bai son dogon rubutu jan zare ya ɗaura wa na tsami, kore wa na kanwa, yadda zoɓo ya nuna masa.